Karatun kwamfuta: a tambayi malami kafin a biya kuɗi

Da zarar sakamakon bakaloriya ya fito, sai gidajen ƴan kasuwa da na ma'aikata su shiga muhawara: ina za a kai yaro ya karanta ilimin kwamfuta? Alhaji mai hali ya ce waje, don a ganinsa takardar da ta ƙetaro iyaka ta fi nauyi. Ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ya ce duk inda gwamnati ta tura. Dukansu biyu suna ne suke bi, ba su binciki abin da ake koyarwa ba.

A da, jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara huɗu, har da ta Dosso, wadda aka ɗora wa fannin fasahar sadarwa. Ga makarantar injiniyoyi ta EMIG, ga masu zaman kansu birjik. Ƙofofi sun yawaita, ruɗu ma ya yawaita.

Ilimin kwamfuta ba shi ne iya buga wasiƙa ko shigar da lissafin kanti ba. Wannan wata uku ya ishi mai himma. Asalinsa lissafi ne, da sanin yadda ake warware matsala daki-daki har na'ura ta iya aiwatarwa, da rubuta manhaja. Makarantar da ta ce ɗalibi ba ya bukatar lissafi, sakatare take horarwa, ko da wane suna ta rubuta a takardar.

Saboda haka uba ya je da ƙafarsa, kamar yadda ba ya sayen buhu bai soka ba. Malaman nan na makarantar ne, ko kuwa ƴan haya ne da ke zuwa sati biyu su zuba darasin wata shida su tafi? Ɗalibi nawa ke kan kwamfuta guda? In wuta ta ɗauke, akwai inji ko sola? Ya nemi a nuna masa manhajar da ɗaliban bara suka rubuta da hannunsu. Inda aka fara kame-kame, ya sami amsa.

Sai maganar takarda. Wanda ke son ɗansa ya shiga aikin gwamnati ya tabbatar hukuma ta amince da makarantar, ya kuma tambaya ko CAMES ta san digirin. Ranar ajiye takardun gasar ɗaukar aiki ba ranar gano wannan ba ce.

Nijeriya tana da jan hankali na gaskiya. Kano da Zariya sun fi Yamai kusa da Maraɗi, kuma da Turancin Ingilishi ake rubuta galibin littattafan fannin. Amma a sa yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 cikin lissafi, da rufe iyaka na 2023. Jami'o'in gida ma sun sha jinkirin shekarar karatu. Digirin shekara uku da ya koma biyar, kuɗin haya da na abinci na shekara biyu ne daga aljihun uba, ban da kwamfutar da dole a saya wa yaro tun shekarar farko.