Wasan ya ƙi tashi: kafin a ce a share inji

A cikin wasannin da samari ke zubawa a kwamfutocin gida a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kaɗan ne suka daɗe kamar GTA San Andreas. Kamfanin Rockstar ya fitar da shi ma PlayStation 2 cikin watan Oktoba na 2004, ya fitar da na kwamfuta cikin watan Yuni na 2005. Ba ya neman inji mai ƙarfi, shi ya sa tsofaffin kwamfutocin da ake kawowa daga Turai suke ɗaukarsa ba wahala. Amma ranar da ya ƙi tashi, hukuncin da aka saba yankewa ɗaya ne: birus ya shiga, sai a formate. A kai inji wurin mai gyara, a biya kuɗi, a share komai, a sake zuba Windows. Tare da wasan ake share hotunan biki, da takardun makaranta na yara, da lissafin kantin mai gida. Bayan kwana biyu wasan ya koma gidan jiya, domin Windows ɗin da aka zuba shi ne dai wanda aka cire. An bar jaki ana dukan taiki.

An rubuta wannan wasa ne domin injin 2005, mai Windows XP da DirectX 9. Duk abin da masu rubuta shi suka ɗauka tabbas ne game da inji, shekaru ashirin sun canza shi. Yawancin cututtukansa daga nan suke, kuma kowace tana da sunanta da maganinta.

Na farko da mai Windows 10 kan ci karo da shi, saƙo ne mai neman wani abu da ake kira DirectPlay. Tsohon ɓangare ne na DirectX. Yana nan cikin Windows, a kashe kawai yake zuwa. A injin da ke magana da Faransanci, ana shiga Panneau de configuration, a nemi inda ake kunna ko kashe fonctionnalités na Windows, a buɗe Composants hérités, a sa alama gaban DirectPlay. Aikin minti biyu ne. In kuwa wani wasa na wancan zamani ya ce ya rasa fishiye mai suna irin d3dx9_43.dll, kada a je neman wannan fishiye shi kaɗai a shafukan intanet da ba a san masu su ba, don ta nan ne birus na gaske kan shigo. Microsoft na da kunshin DirectX na watan Yuni 2010 wanda ya tattara su duka, kuma kyauta ne.

Wani lokaci wasan kan tashi, allo ya yi baƙi, ya mutu ba tare da ya ce uffan ba. Sau da yawa laifin wani ɗan fishiye ne, gta_sa.set, da ke cikin dosiyen GTA San Andreas User Files a Documents. A nan wasan ke ajiye zaɓin mai shi, har da girman hoton allo. In an canza allo, ko kuran ya ɗauke yana tsakar rubutu, sai fishiyen ya lalace. A share shi kaɗai. Wasan zai ƙirƙiri sabo da kansa. Sai dai a yi hattara, a dosiyen nan ne kuma fishiyoyin da sunansu ya fara da GTASAsf suke, su ne ajiyar inda mai wasa ya kai cikin labari. Wanda ya share su ya koma unguwar Grove Street bisa keke.

Akwai kuma ciwon da mai wasa ke jawo ma kansa. Cikin zaɓuɓɓukan hoto akwai takunkumin da ke hana wasan wuce hoto 25 zuwa 30 a daƙiƙa. Yaro ya ga injinsa na da ƙarfi, ya cire takunkumi, hoto ya yi santsi, ya ji daɗi. Abin da bai sani ba shi ne an ɗaure lissafin motsi da yawan hotunan. In suka yi yawa, CJ ya shiga ruwa ba ya gaba, nutso ya gagara, mota kuma da an saki totur sai ta tsaya kamar an taka birki. Akwai aikin da ake ba CJ a San Fierro na yin iyo da dare zuwa wani jirgin ruwa. Mutane da dama sun maƙale a nan suna zagin inji, alhali mai da takunkumi kawai ake bukata. Linzamin da ke daskarewa bayan an fito daga menu, shi ma tsohon ciwo ne, kuma wani gyara na kyauta mai suna SilentPatch yana warkar da shi tare da wasu da dama.

Mai wannan gyara, wani mai rubuta manhaja da aka sani da laƙabin Silent, shi ne ya warware labarin da ya fi kowane ban mamaki. Cikin watan Oktoba na 2024 Microsoft ya saki sabon zubin Windows 11 mai lamba 24H2. Ba da daɗewa ba masu wasa suka lura wani ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa, Skimmer, ya ɓace daga duk wuraren da aka saba samunsa. Wanda ya kira shi da dabara ya shiga ciki, sai a cilla shi sama, nisan da lissafi ya ba da kusan 1 da sifili 31 a bayansa na mitoci. Kowa ya ce Windows ne ya ɓata wasa.

Cikin watan Afrilu na 2025 Silent ya bayyana abin da ya gano, kuma laifin na wasan ne tun ranar haihuwarsa. Akwai fishiye mai suna vehicles.ide, inda aka jera kowace mota da jirgi a layi ɗaya ɗaya, da lambobinsu. A wasan da ya gabata, Vice City, an rubuta Skimmer a matsayin kwalekwale, kwalekwale kuwa ba ya da taya, saboda haka layinsa gajere ne. Da aka zo San Andreas aka mai da shi jirgin sama, aka manta ƙara masa lambobi huɗu na ƙarshe, ciki har da girman tayar gaba da ta baya. Wasan kuma ba ya duba ko ya sami duk lambobin da yake nema. In bai samu ba, sai ya ɗauki abin da ya tarar a gurbin. Abin da ya riƙa tararwa shi ne ragowar layin da ke sama, na wata motar kaya mai suna Topfun, mai taya 0.7. Kamar magatakarda ne da ya tarar da gurbi ba a cika ba a takarda, ya kwafi na wanda ya riga, aka yi dace ya yi daidai. Shekara 19 ana wannan dace, daga Windows XP har zuwa 11. A zubin 24H2 wani ɗan aiki na cikin Windows ya ƙara faɗin wurin da yake amfani da shi a ƙwaƙwalwar inji, ya taka wannan ragowa, sai tayar Skimmer ta sami girman da hankali ba ya ɗauka. Microsoft bai karya wata ƙa'ida ba. Rana dubu ta ɓarawo.

Maganin kuwa? A buɗe vehicles.ide da ke cikin dosiyen data da Bloc-notes, a nemi layin da ya fara da 460, a ƙara masa waƙafi da waɗannan lambobi a ƙarshe: -1, 0.7, 0.7, -1. Da an ajiye, jirgin ya dawo bakin ruwa. Wanda ya formate injinsa sau goma saboda Skimmer da bai gan shi ba ko sau ɗaya.

Duk wannan bai shafi injin da wasa ke tafiya lafiya a kansa minti goma ko ashirin, sannan hoto ya fara tsinkewa, fanka ta yi ta ihu, inji ya mutu gaba ɗaya ba. Wannan zafi ne. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, kuma ƙurar hunturu ke toshe kowace kafa, wasa shi ne aikin da ya fi gasa inji, don haka shi ne ke fara tona asirin fankar da ta cika da ƙura. Kwamfutar hannu da aka ɗora bisa katifa ko darduma ta toshe hancinta da kanta. A ɗora ta bisa tebur, a ɗaga bayanta kaɗan, a sa mai gyara ya buɗe ya hure fanka ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. In kuma ya nace sai ya formate, a fara kwashe dosiyen Documents gaba ɗaya zuwa kile USB, a duba an ga takardu da ajiyar wasan a ciki, sannan a miƙa masa injin.