Mutumin Ƙasar Gumel da Kulob ɗin Ƙwallon Lambu

Ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf, wasa ne da ake buga wata 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda mai lanƙwasasshen kai, ana bin ta daga wannan rami zuwa wancan har a cika ramuka 18. Wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. A ƙasar Sikotland wasan ya girma, kuma a filin St Andrews ne aka mayar da ramukan 18 a shekarar 1764, daga baya sauran duniya ta bi sahu. Turawan mulkin mallaka da na kamfanoni ne suka kawo shi Nijeriya. Filin Rayfield da ke Jos, inda Turawan haƙar kuza suka yi sansani, ana danganta kafuwarsa da shekarar 1913, kulob ɗin Ikoyi na Legas kuma yana ɗauke da shekarar 1938 a cikin sunansa. Kano da Kaduna su ma sun gaji nasu filayen tun wancan zamani. A Jihar Jigawa kuwa, marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, ya shahara da son wasan, har ya samar da fili a Dutse ya ƙawata shi da itatuwa.

Saboda haka maganar shiga kulob ba ta yi wa mutumin Masarautar Gumel nisan da ake zato ba. Babban ma'aikacin gwamnati ɗan Sule Tankarkar, ko attajirin da ke loda shanu a kasuwar Maigatari kowace Alhamis zuwa kudancin ƙasa, ko malamin kwaleji da ya kai ƙololuwar matakin albashi, kowannensu yana iya wayar gari abokin hulɗa ya ce masa, "Alhaji, ya kamata a riƙa ganinka a kulob." Gayyata ce mai daɗin ji, domin tana nuna cewa an fara lissafawa da mutum. Sai dai kafin a amsa ta, akwai buƙatar a ɗora ta a kan sikeli.

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne na lafiyar jiki. Zagaya ramuka 18 yakan ci kimanin awa huɗu, kuma wanda ya yi shi a ƙafa zai taka kilomita shida ko fiye. Hawan jini da ciwon suga sun yi wa masu zaman ofis da mota katutu, ga shi al'ada ta sa dattijo mai rawani ko mai muƙami yana jin nauyin a gan shi yana sassarfa a bakin titi. Kokawa da dambe da langa na samari ne, ƙwallon ƙafa ma tana da shekarun da take sallamar mutum. Wannan wasa kuwa ɗan shekara 70 yana iya yin sa, kuma tsarin rangwamen bugu da ake yi wa wanda bai ƙware ba yana ba shi damar karawa da gwani ba tare da ya ji kunya ba. Akwai kuma wata tarbiyya da ta kamata malamin makaranta ya lura da ita: a yawancin wasannin babu alƙali a tare da 'yan wasa, mutum shi ke ƙirga bugunsa, shi ke kuma yanke wa kansa tara idan ya saɓa doka.

Amma a gaskiya ba motsa jiki ne ke kai akasarin mutane kulob ba. Abin da ake saye da kuɗin shiga shi ne kusanci da manya. Awa huɗu ana tafe tare da babban sakatare ko manajan banki ko hafsan soja, babu masinja a ƙofa, babu "oga yana mitin", dama ce da ɗan kasuwa ya san darajarta. Ba laifi ba ne mutum ya nemi sanayya, ciniki ma da ita yake tafiya. Inda gizo ke saƙa shi ne idan ya zamana a tsakanin rami na tara da na goma ake yanke shawarar wanda za a ba kwangilar gina azuzuwa ko haƙa rijiyar burtsatse. A nan ribar mamba ta zama asarar wanda ba mamba ba, wato ɗan kwangilar da ya bi layi da takardunsa, da kuma yaran da za su zauna a ajin da aka gina da sanayya. Ma'aikacin gwamnati musamman ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa aka gayyace shi yanzu da fayil ke bi ta teburinsa, ba a gayyace shi ba lokacin da yake ƙaramin akawu.

Sai batun aljihu. Kulob mai zaman kansa yakan nemi tsofaffin mambobi su tsaya wa sabon shiga, sannan ya biya kuɗin rajista, ya kuma riƙa biyan kuɗin shekara ko ya je ko bai je ba. Bayan wannan ga sanduna, waɗanda doka ta yarda mutum ya ɗauki har 14 a jaka, kusan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, ita kuwa naira ta faɗi warwas tun daga 2023. Ga takalma da tufafin da kulob ya shar'anta, ga ƙwallayen da ke ɓacewa a ciyawa, ga sallamar yaron da ke ɗaukar jaka, ga gudummawar gasa da ta liyafa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane cewa wannan ba hidimar mai albashi ɗaya da iyali goma ba ce. Kuma ɗawainiyar da ba a rubuta ta a takardar shiga ba ta fi ciwo: wanda ya shiga cikin masu hali sai ya yi shiga irin tasu, ya hau mota irin tasu. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu iya magana, kuma ma'aikata da dama ta irin wannan ƙofa suka fara taɓa abin da aka ba su amana.

Ga mazaunin Gumel akwai ƙarin matsalar nisa. Filayen da aka sani mafi kusa su ne na Dutse da Kano, kowanne tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Zuwa da dawowa da wasan kansa sun cinye yini guda cur, kuma yinin nan Asabar ce ko Lahadi, ranakun ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa da duba gona. Zumunta a ƙafa take. Mutumin da aka daina gani a zauren unguwarsu saboda yana can yana bin ƙwallo a wani gari ya sayar da wata sanayya ne ya sayi wata, kuma ta farkon ita ce za ta ɗauki makararsa. Wanda ya biya kuɗin shekara ya je sau huɗu kacal, in ya raba kuɗin gida huɗu zai ga abin da kowane wasa ya ci masa, alhali filaye da yawa suna barin baƙo ya biya kuɗin yini ya yi wasa.

Wani zai ce to a gina fili a gida mana. Cikakken fili yakan ci hekta 50 ko fiye, kuma koriyar ciyawarsa sai da ban ruwa rani da damina. Yankin da ke bakin iyakar Nijar, inda damina ba ta wuce wata huɗu, inda ake dasa itatuwa domin tare kwararowar hamada, ba shi da rarar ruwan da zai shayar da ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba. Ƙorafin da manoman Gagarawa suka yi a kan filayen da aka ware domin noman rake ya isa ya nuna yadda ƙasar noma take da tsada a zukatan mutanen wurin. Tsofaffin filayen Arewa sun san da wannan matsala, shi ya sa suka daɗe suna amfani da daɓen yashi a kewayen rami maimakon ciyawa.

Ba a ƙin wasa don baƙo ne. Folo ma baƙo ne, amma da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwaninsa, sai ya zauna daram, domin ya tarar da doki da barga da mahaya a ƙasar Hausa. Ƙwallon lambu bai tarar da irin wannan shimfiɗa ba, shi ya sa har yanzu yake bayan shinge. Ɗan ƙasar Gumel da aiki ko kasuwanci ya zaunar a Kano ko Dutse ko Abuja, wanda kuɗin kulob ba zai taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa ba, kuma ba ya riƙe da muƙamin da za a nemi saye a filin wasa, shigarsa tana da ma'ana, har ma ana fata ya ɗauki nauyin ɗaya daga cikin yaran da ke ɗaukar jaka, tun da ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya da dama daga nan suka taso. Wanda yake zaune a Gumel ko Maigatari kuwa, gara ya ari sanduna ya biya kuɗin yini na wata shida tukuna, ya rubuta sau nawa ya samu zuwa, kafin ya nemi mai tsaya masa.