Wa Ya Ce Rigakafi Na Da Tsada?

'Yan uwana marubuta, ku yi mini haƙuri, yau da ɓacin rai na ɗauki alƙalami. Makon jiya wani abokin aikina ya dube ni a ɗakin malamai ya ce wai maganar koya wa yaran ƙaramar sakandare illar shaye-shaye ɓata lokaci ce da ɓarnar kuɗi, tunda ga hukumar NDLEA, ga 'yan sanda, ga kuma Shari'a da ta hana giya a Jihar Kebbi tun shekarar 2000. Ban ba shi amsa a nan ba, don an kaɗa ƙararrawa. Ga amsar yanzu.

Gaskiya ne an hana giya, kuma mun gode Allah. To, amma wace doka ce ta hana sholishon da mai faci ke liƙe taya da shi? Yaron da nake magana a kansa bai taɓa ganin ƙofar mashaya ba. Shekarunsa 13. Ranar Asabar yakan bi manya zuwa fadama aikin shinkafar rani, a nan wani ya miƙa masa ƙwayar tiramol ya ce da ita ake gama kunya goma ba a ji a jika ba. Duk wanda ke zaune tsakanin Ambursa da Argungu ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Ran Litinin yaron nan yana gabana a aji, ido jajur, kai bisa tebur.

Hukumar NDLEA tun 1989 aka kafa ta. Duk da haka binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Ku lura, daga shekara 15 aka fara ƙirgen. Ɗalibaina ba su ma kai a ƙirga su ba. A shekarar ce kuma BBC ta nuna fim kan ruwan kodin, washegari gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Madalla. Sai dai wanda ya riga ya kamu ba ya warkewa da sanarwar minista, wani abin yake komawa.

Yanzu mu yi lissafin tsadar, tunda ita abokina ya kawo. Na san uban da ya sayar da injin ban ruwansa da bijimi guda don ya kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ban da kuɗin mota da kwanakin da gona ta yi ba mai duba ta. Wanda ba shi da abin sayarwa kuwa gidan mari yake nufa, kuma mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna cikin Satumbar 2019: mutum fiye da 300, da yawa yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Wannan shi ne arahar da ake so mu zaɓa?

Amma kada in yi son kai, abokina yana da 'yar gaskiya a wuri ɗaya. Abin da muke kira rigakafi a makarantunmu galibi wasan kwaikwayo ne. Ranar 26 ga Yuni a tara yara a rana, a hayo rumfa da kujeru don manyan baƙi, jami'i ya nuna hoton mahaukaci a bola, a tafa, a raba lemo, a watse. Wannan kam ɓarnar kuɗi ce. Amurka ta gwada irinsa da shirin DARE tun 1983, ɗan sanda ya shiga aji ya yi gargaɗi, bincike ya zo ya nuna bai hana komai a zo a gani ba. Yaro ba ya tsoron haukan da zai zo bayan shekara goma. Abin da yake tsoro shi ne abokansa su ce masa ragon maza yau da la'asar.

Abin da ya yi aiki an gwada shi a nan ƙasar. A zangon karatu na 2015 zuwa 2016 an jarraba wani shiri mai suna Unplugged a makarantun sakandaren tarayya 32, aka samu shan giya ya ragu a wurin waɗanda suka bi shi. Darasi 12 ne kacal, malamin makarantar ne ke koyarwa, yara su yi ta gwajin yadda ake cewa a'a ba tare da an rasa aboki ba. Kuɗinsa horar da malami ne, da ɗan littafi, da sa'a guda a mako da za a ɓanɓaro daga jadawali. Na yarda sa'ar nan za ta fita daga wani darasi, kuma na yarda ba za ta hana talauci tura yaro ƙwadago ba. Ko da haka, a kwatanta ta da injin ban ruwa da bijimi.

Na dawo kanmu, mu masu rubutu. Tun zamanin da ake cacar baki kan adabin kasuwar Kano, ɗan ƙwaya a littattafanmu kusan kullum ɗan Alhaji ne da aka shagwaɓa, mai tuƙin ganganci, wanda zai tuba a shafin ƙarshe ya auri jarumar. Ina ɗan talakan da ya fara sha don ya gama aikin gonar wani? Ina yarinyar da ƙawarta ta zuba mata a kwalbar lemo wurin biki? Binciken 2018 ya ce cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce, amma mun yi gum. Sa'annan wa muke rubuta wa? 'Yan shekara ashirin, waɗanda suka riga suka zaɓi hanya.

A ajina akwai kabad da ɗalibai suka gyara da hannunsu, babu ko littafin labari ɗaya a ciki da aka rubuta don ɗan shekara 12 kan wannan batu. Shafi arba'in nake roƙo, da Hausar da yaro zai karanta shi kaɗai, ba wa'azi a kowane layi. Wanda ya rubuta ya aiko ta hannun edita, ni zan karanta musu ranar Laraba, in kuma rubuto muku abin da suka ce.