Makin Jirgin Sama Ba Ajiya Ba Ne, A Kashe Shi A Bar Jari Ya Yi Aiki

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar saro kaya tsakanin Legas ko Kano da Dubai, Istanbul ko Guangzhou, ya san wannan maki da kamfanonin jiragen sama ke tara wa fasinja gwargwadon tafiye-tafiyensa. Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, Emirates kuma na da Skywards. Idan tafiya ta taso, sai mutum ya tsaya yana wasi-wasi: ya biya tikiti da Naira, ko ya taɓa makin da ya yi shekaru yana tarawa? A ganina, yawancin 'yan kasuwarmu suna kuskure ne ta fuska ɗaya, watau suna ɗaukar makin tamkar zinaren da ake ɓoyewa don ranar buƙata.

Ya kamata a fahimci asalin abin. Kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da shirinsa na AAdvantage a 1981 domin ya riƙe fasinjojinsa kada su koma wa abokan hamayya. Daga baya shirye-shiryen suka zama sana'a mai zaman kanta, inda kamfanoni ke sayar wa bankuna makin, su kuma su raba wa masu katin bashi. Girman wannan sana'a ya fito fili a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da Delta ya jinginar da shirinsa na maki ya karɓi bashin dala biliyan 9. Ashe ke nan maki wani nau'in kuɗi ne, amma kamfanin da ya buga shi, shi ne kuma ke yanke abin da zai saya. Ranar da ya ga dama ya ƙara yawan makin da ake buƙata na zuwa Dubai, babu majalisar da zai nemi yardarta. Maki ba ya haihuwa, a kamfanoni da dama wa'adinsa kan ƙare, kuma idan kamfani ya durƙushe yakan tafi da shi, kamar yadda fasinjojin Air Berlin na Jamus suka gani a 2017.

Na san hujjar da za a kawo mani, kuma tana da ƙarfi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan Naira 460 a hukumance. A cikin 2024 ta haura 1,500. Tun kafin nan ma, kuɗaɗen kamfanonin jiragen ƙetare da suka maƙale a ƙasar nan saboda ƙarancin kuɗin musaya sun wuce dala miliyan 800 a 2023, lamarin da ya sa kamfanonin suka janye tikitoci masu araha daga kasuwarmu. A wannan lokaci, wanda ke da maki ya fi wanda ya ajiye Naira a banki kwanciyar hankali. Gaskiya ne. To amma wannan matsala ɗin ce ta sa Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, bai dawo ba sai watan Oktoban 2024. Shekara biyu mai makin kamfanin yana kallon adadi a takarda, babu jirgin da zai ɗauke shi daga Legas. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Lissafin kansa ba shi da wuya, ko yaron shago zai iya yinsa. A ɗauki kuɗin tikiti, a cire harajin da kuɗin mai da za a biya ko da an yi amfani da maki, sa'an nan a raba abin da ya rage da yawan makin. Mu ƙaddara, alal misali, tikiti ya kama Naira miliyan 1.5, kamfani kuma na neman maki 60,000 da ƙarin Naira 300,000. Abin da makin ya tsirar shi ne Naira miliyan 1.2, watau kowane maki ya tashi a Naira 20. Idan a wata tafiyar an yi rangwame tikitin ya sauko Naira 900,000, makin da ƙarin kuɗin kuwa suna nan yadda suke, to kowane maki ya koma Naira 10 kacal. A tafiyar farko maki ya kamata a kashe, a ta biyu a biya kuɗi, musamman ma da yake tikitin kuɗi yana ƙara tara wani makin, na maki kuwa yawanci ba ya tarawa. Irin wannan saukowar farashi ba almara ba ce, an gan ta a hanyar Landan bayan Air Peace ya fara zuwa can daga Legas a watan Maris na 2024.

Abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa sawa a lissafi shi ne tsadar jari a ƙasar nan. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da bankunan kasuwanci ke ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya ɗara haka. Ga mai saro atamfa da shadda ya kai Kantin Kwari, Naira miliyan 1.2 da bai ba kamfanin jirgi ba kaya ne da za su juya sau da yawa kafin shekara ta ƙare. Shi ya sa ko da lissafin ya zo kusa da kunnen doki, ni dai makin zan kashe.

Sai dai akwai tafiyar da ba a yi mata wasa. Kujerun da ake warewa masu maki kaɗan ne, kuma su ke fara ƙarewa a lokacin Umarar azumi, ƙarshen shekara, da watannin Afrilu da Oktoba da ake buɗe baje-kolin Canton a Guangzhou. Wanda kayansa ke jiran sa hannu a ma'aikata, ko bizarsa ta kusa ƙarewa, bai kamata ya yarda da jirgin da zai kwanar da shi a hanya don kawai ya tsirar da kuɗin tikiti ba. Kuɗin masauki da na ajiyar kaya za su cinye ribar. A irin wannan hali a biya kuɗi, a karɓi rasit a shigar cikin littafin kamfani, a bar makin don tafiya ta gaba wadda za a iya tsayar da ranarta tun da wata biyu ko uku.