Ƙafar Mota Ba Wurin Ado Ba Ce

Yau ba zancen tsadar haya a Legas zan yi ba, ba kuma na siyasa ba. Zancen ƙafar mota zan yi, domin wata muhawara da muka tafka da ɗan yayata ranar Asabar ta hana ni sakat.

Yaron ya samu aiki a Ikeja, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi Corolla ta 2006, 'yar Beljiyam, tsaf da ita. Bai yi wata biyu da ita ba sai ga shi gidana a Agege yana nuna mini hotuna a waya. Ya ce, "Kawu, so nake a sauke ta ƙasa, a sa mata manyan wili, ka ga yadda za ta zauna." Na ce, "Za ta zauna kam, amma a gareji." Ya yi dariya, yana ganin tsufa ne ke damuna. To ni dai ga ra'ayina, kowa ya auna: motar da kake shiga kullum, ka kai yara makaranta, ka je kasuwa, ka tafi gida da Sallah, babu gyaran da ya fi mata kamar a mayar da ƙafarta yadda kamfani ya ƙera ta, da kaya nagari. Duk wani ƙari a kan haka, sai in hanyarka ce ta tilasta maka.

Bari mu fara da sanin aikin kowane ƙarfe, don da yawanmu kuɗi kawai muke miƙa wa bakanike. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma ke ƙayyade tsayinta daga ƙasa. Shokozoba ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da rawa bayan an faɗa rami, ta hanyar matsa mai ta cikin ƙananan kafofi. Idan ya mutu, taya sai ta riƙa tsalle a kan kwalta, kuma tayar da take sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Sai kuma bushin, robobin nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da boljoyin da tayarod waɗanda ke riƙe taya ta fuskanci inda ka nufa. Ka ga ke nan maganar ƙafar mota maganar rai ce kafin ta zama maganar jin daɗi.

Ni ma ba a littafi na koyi wannan ba, wuya ce ta koya mini. Shekarun baya ina da Camry ta 2004, wadda 'yan Legas ke kira Big Daddy. Bayanta ya fara zama, ga Babbar Sallah ta matso. Na kai ta wani gareji, bakaniken ya ce, "Alhaji, ƙaramin aiki ne." Ya cusa robobi tsakanin zoben sifirin na baya, ya kawo shokozoba biyu na hannu ya ɗaura. Mota ta ɗaga sama kamar sabuwa, na biya ina murna na samu sauƙi. Muka loda kaya, ni da uwargida da yara da ƙanena, muka kama hanya: Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori. Bayan mun haye gadar Jebba, kafin Mokwa, na kauce wa wani rami da ɗan gudu, sai bayan motar ya yi wurgi da kansa, ta shiga lilo hagu da dama, ga tirela tana tahowa. Babu abin da nake ji sai salatin uwargida. Allah ne kawai ya yi da sauran shan ruwanmu. Da muka isa Kaduna aka kwance, ashe ɗaya shokozoban babu ɗigon mai a cikinsa, kuma su biyun ma ba iri ɗaya ba ne. Tun ranar na yarda cewa araha ba ta ado.

Yanzu mu dawo kan burin ɗan yayata. Sifirin sauke mota na gaske, irin na kamfanonin Eibach da H&R, yakan rage tsayinta da kamar santimita 3 zuwa 4. Kaya ne masu kyau, ban musa ba, kuma a kan shimfiɗaɗɗen titi mota takan fi riƙe kwana da su. Amma wa aka yi wa su? Mutumin Jamus da titinsa yake sumul kamar tafin hannu. Kai da za ka fito daga lungun Agege, ka hau tudun rage gudu goma kafin ka kai babban titi, ka ratsa ruwan Yuni da Yuli da ke ɓoye ramuka, ƙaramar motar da dama tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 15 ko 16 ba, in ka cire 4 me ya rage? Salansa ce za ta fara tafiya, sai kaskon man inji ya biyo baya. Sannan gajeren sifirin yana buƙatar shokozoban da aka yi dominsa, in ka bar na asali zai mutu da wuri. Masu yanke sifirin da zarto ko su gasa shi da wuta don ya gajarce kuwa, waɗannan ba gyara suke yi ba, kabari suke haƙa.

Haka batun manyan wili. Irin wannan Corolla takan zo da taya 195/65 R15. Lambar tsakiya tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, wato kamar milimita 127 na roba da iska tsakanin wili da kwalta. In ka koma 215/45 R17, abin ya dawo kamar milimita 97. Ka zubar da santimita 3 na katifar da ke fara karɓar dukan rami. Sakamakon shi ne wili ya lanƙwashe, taya ta yi ƙari a gefe, kai kuma bayanka ya riƙa ba ka labari da daddare.

To, kada dattawa su ce na kama yara kawai. Mu ma muna da tamu cutar, ita ce ɗaga mota. Da an sayo mota sai a ce a sa mata roba ta tashi, wai don hanyar ƙauye. A nan zan yi adalci: idan unguwarku ta kai lalacewar da cikin mota ke gogar ƙasa kullum, to zobe na kirki da ake ɗorawa a saman ƙafa, mai kaurin santimita 2 zuwa 3, a dukkan ƙafafu huɗu, a kuma yi alaimen bayansa, ina ganin abin yarda ne. Amma a sani kowane santimita da kuɗinsa. Mota ta fi kwantawa gefe a kwana, shaf ɗin gaba yana aiki a karkace har robarsa ta yage, boljoyin yana saurin ci. Cusa roba cikin sifirin irin wanda aka yi mini kuwa, wannan hana shi aikinsa ne gaba ɗaya.

Gaskiyar da ba mu son ji ita ce lodi ke kashe motocinmu. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna ɗauke da adadin nauyin mutane da kaya da aka yarda su ɗauka, kuma a irin Corolla da Camry bai wuce wajen kilo 400 ba. Yi lissafi da kanka: manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Saura buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50. Mu kuwa sai mu ƙara jarkar manja, da doya, da akwatuna, da tsarabar dangi kaf, sannan mu ce shokozoban zamani ba shi da ƙarko. Sifirin mai ƙarfi zai hana bayan mota zama, amma ba zai ƙara wa birki da taya ƙarfi ba. Ni yanzu kayan Sallah a tashar mota nake ba da su kwana biyu kafin mu tashi, kuɗin bai kai na shokozoba ɗaya ba.

Wani zai ce ai Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, inda ya buɗe masana'antarsa a 1975, ta ɗauki fiye da haka ba ta koka ba. Haka ne, har ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Amma ita tun daga ƙira aka ba ta doguwar ƙafa mai laushi. Ba a bayan gareji aka cusa mata ba. Darasin da ke cikinta shi ne hanyarmu laushi da tsawon motsi take so, ba tauri ba.

Me zan ce wa mai kuɗi a hannu yana son motarsa ta gyaru? Na farko, a ɗaga ta a duba komai kafin a sayi komai, don sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa shokozoba ta bushin ce ko ta ɗan sandan nan na sitabilaiza. Na biyu, masu ƙera shokozoba da kansu suna ba da shawarar a duba shi in ya kai kilomita 80,000, kuma 'yar Beljiyam ta wuce haka tun kafin ta hau jirgin ruwa. In ka ga mai yana tsiyaya a jikinsa, ko taya na cinyewa tudu da kwari, ko gaban mota na dungure in ka taka birki, lokaci ya yi. Na uku, a sauya biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare. Na huɗu, a sayi sabo mai gas na sanannen kamfani wanda aka yi daidai da na asali, kamar KYB Excel-G, ko Sachs, ko Monroe, ko Bilstein B4. Mai son ƙarin riƙo ba tare da taɓa tsayin mota ba, Bilstein B6 na nan in ana yin na motarsa, sai dai ya fi tauri da tsada. Bushin kuma a bar na roba, domin na foliyuritan mai tauri yana kawo duk girgizar titi cikin kujera. A ɗaure shi mota tana tsaye a kan ƙafarta, sannan a rufe da alaimen.

Na san za a ce mini tun da aka saki Naira a 2023 sabon kaya ya fi ƙarfin talaka. Wallahi na sani, aljihuna ma shaida ne. Amma shokozoba na hannu sayen kifi ne a ruwa, ba ka san shekarunsa ba. Wanda aka huda aka ɗura wa mai aka toshe kuwa, kwanakinsa ƙidayayyu ne. In kuɗi bai kai ba, a yi biyu wannan watan, biyu wani watan. Kuma ko a Ladipo kake saye, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka nemi ɗan kasuwar da zai ba ka rasit ya kuma yarda ka dawo, don akwai na gaske akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya.

Ɗan yayata dai bai ce ya yarda ba. Amma da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, wane bakanike ne yake yi maka aikin ƙafa yanzu?" Mun yi da shi Asabar mai zuwa zan raka shi. Wilin nan kuma na ce ya bari sai ranar da aka gyara layinsu.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa in Allah ya yarda.