Abin da gwajin jini ya nuna game da masu kai ɗauki a lokacin korona



'Yan'uwa, a ranar 24 ga Fabrairun 2021 Gana ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi allurar rigakafin korona ta shirin COVAX, guda 600,000. A lokacin allurar ba ta ishi kowa ba, don haka aka ce a fara da waɗanda suka fi fuskantar haɗari. To su wane ne? Akwai wani bincike da ya kamata limamai da ɗalibai su san shi kafin su amsa.

Gwajin korona iri biyu ne. Na hanci yana neman ƙwayar cutar tana nan a jiki. Na jini kuwa yana neman sojojin garkuwa da jiki ke ƙerawa bayan ya yi karo da cutar, wato sawun da ta bari ko da mutum bai taɓa kwantawa ba. Da irin na biyun masana na cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana da ke Legon suka gwada mutum 1,305 a shekarar 2020, a asibitoci da cibiyoyin gwajin cutar, da kasuwanni da tashoshin mota, da manyan kantunan zamani.

Kashi 19 cikin ɗari aka samu da sawun cutar, kusan mutum ɗaya cikin biyar. A kasuwanni da tashoshi adadin ya kusa kashi 27, a manyan kantuna kuwa kashi 9 ne da ɗoriya. A lokacin, alƙaluman hukuma na duk ƙasar ba su kai mutum 50,000 ba, alhali lissafin masanan ya nuna sama da miliyan ɗaya ne cutar ta shafa a yankin Accra kaɗai. Ma'ana, cutar ta fi bin wanda aikinsa ya hana shi zama a gida, kuma da yawa sun ɗauke ta sun warke ba su sani ba.

Ma'aikatan lafiya na cikin waɗannan. Zuwa Yulin 2020 Hukumar Lafiya ta Gana ta ce fiye da 2,000 daga cikinsu sun kamu. Gwamnati ta yi musu alƙawarin sassaucin haraji da ƙarin alawus da inshora, kuma sun cancanta. Haka ma'aikatan motar asibiti da ake kira ta lamba 112. Mu mutanen Zongo mun san darajar wannan aiki, domin an kafa hukumarsu a 2004 ne bayan turmutsutsun filin wasa na Accra na 9 ga Mayun 2001, inda fiye da mutum 120 suka rasu, da yawansu 'ya'yan Nima ne. Motoci 307 da aka raba a Janairun 2020 ci gaba ne.

Amma mu dubi unguwanninmu da idon basira. Idan numfashin dattijo ya sarƙe da tsakar dare a Alajo ko Maamobi, a lungun da mota ba ta shiga, wa ke fara isowa? Matasan maƙwabta ne ke ɗauko shi zuwa bakin titi, direban tasi ko mai babur ya kai shi asibiti, wata 'yar'uwa ta kwana tana jinya. Idan rai ya yi halinsa, masu wankan gawa da masu haƙan kabari su karɓa. Waɗannan su ne masu kai ɗaukinmu. Ba su da kaki, ba su da inshora, kuma daga cikin mutanen kasuwa da tasha suke, inda gwajin ya nuna cutar ta fi yawo.

Malamai sun sanya jinyar mara lafiya da shirya mamaci cikin farilla ta kifaya: wasu su yi, nauyi ya sauka daga kan kowa. Wanda ya sauke mana nauyi yana da haƙƙi a kanmu. Bai dace mu yi masa addu'a a masallaci, mu tura shi wankan gawa hannu tsirara ba.

Akwai kuma wani kuskure da muke ji a majalisu, wai tunda da yawanmu sun kamu sun warke, Zongo ta sami garkuwa. Kashi 27 na nufin kusan mutum uku cikin huɗu ba su da wannan sawun. Sojojin garkuwa kuma suna raguwa a jini bayan watanni, kuma cutar ta dawo da ƙarfi a Janairun 2021.

Saboda haka muna kira ga kowane kwamitin masallaci ya rubuta sunayen masu wankan gawa da direbobin da ake bugawa waya da dare, ya kai wa ofishin lafiya na gunduma, ya nemi a sa su cikin na gaba a layin allura. A ware wani abu daga kuɗin Juma'a a sayi safar hannu da takunkumi da sabulu. Ɗalibanmu masu karatun jinya su koya wa matasa yadda ake ɗaukar mara lafiya ba tare da an kwashi cuta ba. 

Allah Ya saka wa masu hidimar marasa lafiya da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki.