Nevil Shute: Injiniyan da ya fahimtar da jama'a cewa ƙarfe ma yana gajiya

Duk mai amfani da wayar hannu ya san inda igiyar caja ke fara lalacewa: daidai wuyanta, wurin da ake yawan lanƙwasawa. Takan jure na tsawon watanni, sai rana ɗaya wayoyin cikinta su tsinke. Injiniyoyi na kiran wannan matsala gajiyar ƙarfe, kuma ta taɓa tarwatsa jiragen fasinja a sama. Cikin waɗanda suka fahimtar da jama'a haɗarinta tun da wuri akwai wani injiniya ɗan Ingila mai rubuta littattafan ƙirƙira, Nevil Shute Norway.

An haife shi a Landan a 1899, ya karanci injiniyanci a Jami'ar Oxford, ya yi aiki da kamfanin jirage na de Havilland. A 1924 ya koma kamfanin Vickers, inda ya shugabanci masu lissafi a aikin ƙera R100, wani ƙaton jirgi mai tashi da iskar gas kamar balan-balan. Babu kwamfuta a lokacin, da hannu da rular lissafi ake auna nauyin da kowane ƙarfe zai iya ɗauka. Yana wannan aiki yana rubuta labarai, amma ya cire Norway daga sunansa na marubuci don kada abokan aiki su ɗauke shi mai wasa.

A 1930 R100 ya je Kanada ya dawo lafiya. Abokin gasarsa R101, wanda gwamnatin Birtaniya ta ƙera, ya faɗi a Faransa a watan Oktoba na wannan shekara a kan hanyarsa ta zuwa Indiya, mutum 48 suka rasu. A littafin tarihin rayuwarsa, Slide Rule, na 1954, Shute ya ɗora laifin a kan gaggawa da matsin lambar manya, waɗanda suka so jirgin ya tashi a kan lokaci alhali gwajinsa bai kammala ba.

Wannan damuwa ce ta fito fili a No Highway, labarin da ya wallafa a 1948. Jarumin wani mai bincike ne, Theodore Honey, wanda lissafinsa ya nuna cewa wutsiyar wani sabon jirgi za ta karye bayan sa'o'i 1,440 na tashi. Ba a saurare shi ba, aka mai da shi tamkar mahaukaci. Da ya rasa mafita, sai ya naɗe ƙafafun jirgin yana tsaye a ƙasa, ya lalata shi da gangan don kada ya tashi da mutane. Bayan shekara shida, a 1954, jirage biyu ƙirar Comet suka tarwatse a sama kusa da Italiya. Masu bincike suka saka gangar irin jirgin cikin tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa har ta tsage, aka tabbatar gajiyar ƙarfe ce.

Bai kamata a mai da Shute mai duba ba. A labarinsa wutsiya ce ta karye, a Comet kuwa gangar jirgin ce ta tsage. Haka kuma hukuncinsa kan R101 hukuncin abokin gasa ne, kuma wasu masana tarihi na ganin ya tsananta. Abin da ya sa ya cancanci a tuna da shi shi ne ya ɗauko ilimin da ke kulle cikin rahotannin ƙwararru, ya zuba shi cikin labarin da kowa zai iya karantawa. Gargaɗin da injiniyoyi kaɗai ke ganewa, manaja na iya tura shi cikin durowa. Wanda jama'a suka gane kuwa, da wuya a ɓoye shi.

Duniyar wayoyi na bukatar irin waɗannan mutane. A 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa bayan batiransa sun riƙa kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da wayar. Kamfanoni na rige-rigen fitar da sabon samfuri duk shekara, yawancin sharhin da ke yawo a YouTube da TikTok kuma bai wuce kyamara da launi da farashi ba.

Waɗanda suka san gaskiyar na'ura su ne masu buɗe cikinta: masu gyaran waya, ɗaliban injiniyanci da masu haɗa manhajoji. Mai gyara ya san wayar da batirinta ke kumbura da cajar da ke ƙona allo, sai dai iliminsa na ƙarewa a kan teburinsa. Marubutan Hausa na intanet kuma suna da ɗimbin masu karatu a WhatsApp da Wattpad, amma da wuya a ga labarin da ya taɓo yadda na'ura ke aiki. Shute ya riƙe sana'o'in biyu, ya kafa kamfanin jirage na Airspeed a 1931, ya ci gaba da rubutu har rasuwarsa a Ostireliya a 1960. Matashin da ya iya gyara ko lissafi, kuma wayarsa na hannunsa, ba shi da dalilin barin abin da ya sani a cikinsa.